Ƙasa Ba Kisa Ba Ce: Shekara Huɗu Na Wani Ɗan Damben Kano A Cikin Keji

Asalinsa, kafin 2019

Matashin da wannan nazari ya shafa haifaffen cikin birnin Kano ne, daga gidan mahauta. Da yardarsa na rubuta, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko unguwarsu ba. Ni tsohon ɗan wasan judo ne, wato wani salon kokawa na Japan, ina horar da wasu yara a wani ɗan zaure da muke haya. Yawancin alƙaluman da za a gani a ƙasa daga littafin da nake rubuta nauyin yarana da ranakun zuwansu na ɗebo su.

Yana ɗan shekara 16 ya fara naɗe hannu. Da safe yana taya baffansa aikin nama, da La'asar ta yi sai ya sulale ya nufi gidan dambe. Kafin ya cika 20 ya fara fita a filin Ado Bayero da ke Sabon Gari, kuma masu kalangu sun san kirarinsa. Bahago ne, hannunsa yana da nauyi. In ka duba wuyan hannun nan na hagu har yau za ka ga sawun zare ya kwanta a fata kamar an zana.

Abubuwa biyu na damben gargajiya ya kamata a riƙe, domin su ne ƙashin bayan wannan labari. Na farko, dokar kisa: a cikin turmi uku, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ko gadon bayansa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare, makaɗa su juya ga wanda ke tsaye. Na biyu, kuɗi a take suke zuwa. Ka yi kisa da yamma, 'yan kallo su yi maka liƙi, kafin Isha'i kuɗin suna aljihunka. Shekara bakwai ya yi a kan wannan tsari.

2019 zuwa 2021: abin da ya ja hankalinsa

A watan Maris na 2019 Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Jihar Edo, ya doke Tyron Woodley ya karɓi kambun ajin kilo 77 na UFC, babban kamfanin shirya faɗan keji na Amurka. A Oktoban wannan shekarar Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya buge Robert Whittaker a Ostireliya ya ɗauki na ajin kilo 84. Hotunansu riƙe da tutar Najeriya suka cika wayoyin samari a Kano. A lokacin ne kalmar MMA ta fara shiga bakin 'yan dambe, wasu suna ce masa damben keji: faɗan da ya haɗa naushi da shuri da gwiwa da kokawa da shaƙa, a turmi uku na minti biyar-biyar (turmi biyar in wasan kambu ne), da hutun minti ɗaya a tsakani.

Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, gidajen dambe suka rufe. Makonni ya yi a zaune yana kallon guntayen bidiyo a waya. Sai kuma Maris na 2021, Francis Ngannou, wanda ya tashi yana haƙar yashi a garin Batié na ƙasar Kamaru, ya buge Stipe Miocic ya zama zakaran masu nauyi na UFC. Wannan labarin ya fi na kowa shiga ransa. Mutumin da ya yi aikin ƙarfi tun yana yaro, mai hannu ɗaya da ke kashe wuta, ya ga kamar shi ake nufi.

Ranar da ya fara zuwa zaurenmu na tambaye shi me yake nema. Ya ce, "Malam, gida nake so in gina wa Inna. Hannun nan in ya samu mutum, ko Bature ne sai ya kwanta." Na rubuta nauyinsa: kilo 79.

Janairu zuwa Oktoba 2022: watannin farko a kan katifa

A tsaye ba shi da matsala sosai. Dole muka gyara masa tsayuwa, domin ɗan dambe yana tsayawa a kaikaice, hannu ɗaya a miƙe yana kare kai, mashin, wato hannun da aka naɗe da zare, yana baya a ɗane. Wannan tsayuwar tana barin ƙafar gaba a fili ga mai shuri da mai son sunkuyowa ya kama ƙafa. Hannun damansa kuwa, wanda bai taɓa yin komai ba sai tarewa, sai da muka koya masa naushi kamar ɗan fari. Cikin wata uku ya kama.

A ƙasa abin ya tsaya. A mako na biyu na haɗa shi da wani yaro ɗan sakandare mai kilo 62, wanda ya shekara uku yana judo. Yaron ya shiga ƙugunsa ya kayar da shi. Ina tsaye a kansu na ga abin da ya faru: da bayansa ya taɓa katifa, sai jikinsa ya saki gaba ɗaya. Ya sauke hannuwa, ya juya fuska gefe, yana jiran a ɗaga shi. Yaron ma sai da ya tsaya yana kallona. Na ce masa ci gaba, ya zagaya baya ya saƙala hannu a wuya.

Shaƙar baya tana matse jijiyoyin nan biyu na gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, kuma in ta zauna daidai mutum yana iya suma cikin 'yan daƙiƙu. Maganinta a wajen horo shi ne ka bubbuga jikin abokinka da tafin hannu, alamar ka sallama, ya sake ka, ku sake farawa. Ya ƙi. Sai da idonsa ya fara juyewa na ɓamɓare su. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Malam, ni in sallama wa wannan yaron? Gara in mutu."

Daga nan littafina ya nuna wani salo. Ranakun naushi, Litinin da Laraba, bai taɓa fashi ba. Ranakun ƙasa, Talata da Alhamis, a cikin wata tara ya zo sau 19 kacal. Kullum da uzuri: an kawo shanu, Inna ta aike shi, ƙafa tana ciwo.

A ranar 20 ga Agusta Usman ya kara da Leon Edwards. Usman ne ke gaba a maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Edwards ya shure shi a kai ya faɗi sumamme. Kashegari ɗan dambenmu ya zo min da bidiyon a waya yana murna. "Ka gani ko, Malam? Duk kokawar nan tasa, bugu ɗaya ya raba gardama."

Nuwamba 2022: tafiyar Legas

Wani dillalin 'yan wasa ya ga bidiyon kisansa na dambe a Facebook ya kira shi. Akwai wasa a Legas nan da kwana 12, a ajin kilo 70.3. Za a ba shi N120,000 in ya shiga keji, a ƙara masa kamar haka in ya yi nasara. Wannan tsari na rabi don fitowa, rabi don cin wasa, shi ne aka saba da shi a MMA har a manyan kamfanoni. Na ce masa bai isa fita ba tukuna. Ya ce ya riga ya amsa.

Nauyinsa a ranar kilo 78.5. Ke nan sai ya zubar da fiye da kilo 8 cikin kwana 11, domin ana hawa sikeli ne kwana ɗaya kafin wasa. Dambe bai san wannan ba, a can zare ake sawa, wanda ya ga zai iya da kai ya fito. Ya daina cin tuwo da shinkafa, ya koma ƙwai da kokwamba. Kwana uku na ƙarshe ya rage ruwa. Ya yanka manyan ledojin shara ya sa a ƙarƙashin riga yana gudu da rana tsaka. A motar dare da ta kai mu Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, yana riƙe da gorar ruwa wadda babu ruwa a ciki, yana tofa yawu a cikinta don ya rage ko da giram ɗari ne. Leɓɓansa sun tsage, muryarsa ta dushe. Ya hau sikeli a kan 70.2.

Abokin karawarsa ɗan kokawa ne daga kudancin ƙasar nan. Minti ɗaya da rabi na farko namu ne: hagun ta samu mutumin sau biyu, har ya yi tangal-tangal. Sai numfashi ya ƙare. Jikin da aka tatse wa ruwa ba ya komawa daidai a kwana ɗaya. Mutumin ya sunkuya ya kwashe ƙafafunsa biyu, ya danna shi jikin ragar keji. Na sake ganin abin da na gani a zaure, hannuwa suka sauka, fuska ta juya. An shaƙe shi a minti na 3 da daƙiƙa 40. Bai bubbuga ba. Alƙalin wasa ne ya ɗaga hannunsa ya ga ya faɗo, ya tsayar.

Bayan an cire kason dillali, kuɗin mota na mutum biyu, masauki da gwajin jini, N31,000 ya kawo gida. Kafin mu iso Kano bidiyon sumansa ya riga mu isowa.

Disamba 2022 zuwa Satumba 2023: abubuwan da aka gwada

Na farko, ƙarin ƙarfi. Shi ya yanke wa kansa cewa rashin numfashi ne ya kayar da shi, ya shiga gudun kilomita 10 kullum bayan Asuba da ɗaga ƙarfe da dare. Ya yi mako shida a haka, gwiwa ta kumbura, ya bari. Ranakun ƙasa bai zo ko sau ɗaya ba.

Na biyu, nawa ne, kuma bai yi aiki ba. Na riƙa yi masa faɗa a gaban yara, ina tuna masa bidiyon Legas, ina zaton kunya za ta tura shi katifa. Kunyar ce ta kore shi. Ya daina zuwa gaba ɗaya a watan Janairu.

Na uku, komawa gidan dambe. A can har yanzu sarki ne, ko da yake 'yan ɓangaren hamayya sun samu abin tsokana. Amma ya koma a mugun lokaci. Watan Fabrairun 2023 ne, ƙarancin takardun naira ya kai maƙura, mutane suna kwana a layin banki, wanda ya samu dubu biyu ba zai liƙa wa ɗan dambe ba. Ya riƙa fita kusan kullum don ya haɗa abin da a da yake samu a fita biyu. A cikin watan Mayu ƙashin bayan hannunsa na hagu ya tsage. Mai ɗori ya ɗaure, bayan mako biyu ya kwance ya koma fili, ya sake tsagewa a wuri ɗaya.

A nan ne abokai suka kawo nasu maganin. Wani ya kai shi wajen mai ba da laƙanin tauri, ya biya kuɗin da ba shi da su. Wani ya ba shi tiramol don ya danne zafin hannu ya ci gaba da fita. Ya sha na kusan wata biyu. Ya gaya min daga baya cewa zafin yana tafiya, amma da shi lissafin nesa da kusa yake tafiya, har wani ƙaramin ɗan dambe da bai kai sa'ansa ba ya kashe shi a turmin farko.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu ya ninka kuɗin A Daidaita Sahu, zuwa zaurenmu daga gidansu ya zama lissafi. Dillalin ya sake kira sau biyu da tayin wasan gaggawa a kilo 70.3. Na farko ya ƙi saboda hannu. Na biyu ya amsa, aka soke wasan ana saura kwana huɗu, bayan ya riga ya zubar da kilo 5. Ba a ba shi ko sisi ba, domin babu takarda a tsakaninsu.

Oktoba 2023 zuwa Yuni 2024: abin da aka canza

Baffansa ne ya zo ya same ni, ba shi ba. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce, "Malam, yaron nan ya fi jin maganarka a kan tawa. Ko dai ka raba shi da abin nan, ko ka koya masa shi yadda ake yi." Muka zauna mu uku a soron gidansu bayan Magariba, Inna tana jin mu daga ciki. Abin da muka tsayar a daren guda huɗu ne, kuma na rubuta su muka sa hannu.

Baffan ya ba shi teburin nama nasa na kansa, daga safe zuwa Azahar, ribar tasa. An kai shi asibiti aka ɗauki hoton hannun, aka sa masa filasta na mako shida, likita ya tsara masa yadda zai rabu da ƙwayar a hankali. An bar kilo 70.3 har abada, ya koma 77.1, inda kilo 2 ko 3 kawai zai rage. Kuma babu wasa, na keji ko na gargajiya, sai bayan wata tara.

Saura babbar matsalar. Tun da hannu yana cikin filasta ba naushi, ƙasa kaɗai ta rage masa. Na daina haɗa shi da kowa a gaban jama'a. Yana zuwa ƙarfe biyu na rana, zaure babu kowa sai ni da yaron nan mai kilo 62. Kowane zagaye a kwance yake fara shi, bayansa a katifa, yaron a kansa. Aikinsa ɗaya: ya tashi tsaye. Na kuma juya lissafin. Na buɗe shafi a littafina na ce masa duk ranar da bai sallama sau goma ba, bai yi horo ba, domin alama ce ta cewa yana gudun wuraren da bai iya ba. Ranar farko ya bubbuga sau biyu, yana yi yana kau da kai kamar mai karɓar sadaka. A mako na uku ya kai goma. Wata rana na ji ya bubbuga, ya yi dariya, ya ce wa yaron, "Sake min wannan, ban ga ta inda ka shigo ba." Na rubuta ranar: 14 ga Nuwamba.

Na kuma ba shi sauran rabin labaran da ya sani. Usman ya sha kashi a wasansa na biyu na ƙwararru a 2013, kuma da shaƙar baya aka ci shi, shi da ya zama zakaran kokawa na rukuni na biyu na jami'o'in Amurka a 2010. Ngannou ya fara haɗuwa da Miocic ne a Janairun 2018, aka yi ta kayar da shi ana danne shi har turmi biyar suka ƙare, hannun nan mai kashe wuta bai yi masa rana ba. Shekara uku ya yi yana koyon hana kaye kafin ya rama, kuma a daren ramuwar Usman yana kusurwarsa. Ko gasar UFC ta farko a 1993, Royce Gracie ne ya cinye ta, mutumin da nauyinsa kusan ɗaya ne da na ɗan dambenmu, kuma a ƙasa ya gama da ƙattin da suka fi shi jiki.

Da azumin 2024 ya kama a watan Maris muka mayar da horo bayan Tarawihi, muka rage shi zuwa awa ɗaya. Daga Oktoba zuwa Yuni ya zo horon ƙasa sau 96.

Yuli 2024 zuwa ƙarshen 2025: sakamako

Ya yi wasa huɗu, duka a kilo 77.1, duka da yarjejeniya a rubuce da sanarwar aƙalla mako shida. Ya ci uku, an ci shi ɗaya.

Na farkonsu ya fi tsaya min a rai. An kayar da shi a turmin farko, bayansa ya daki ƙasa da ƙarfi. Ya ja gwiwa ya tokare ƙugun mutumin, ya ja jiki zuwa raga, ya jingina ya miƙe. Sau uku ana kayar da shi yana tashi. A turmi na biyu mai kayarwar ya gaji, hagun ta same shi. Wasan da ya faɗi kuwa, an kama masa hannu ne za a karya a gwiwar hannu, ya bubbuga da wuri. Bayan kwana tara yana kan katifa.

Abin da ya samu a wasanni huɗun, bayan cire ɗawainiya, bai kai ribar teburin nama ta wata biyar ba. Gidan Inna ba a fara ba, amma ya sayi fili a bayan gari, yawanci da kuɗin nama. An fara gasar Afirka ta PFL, wani kamfanin MMA, a 2025, wadda Ngannou ke shugabanta a lokacin, kuma ɗan dambenmu yana da burin a kira shi. Ba a kira shi ba tukuna. Shekarunsa 27.

Abin da na fahimta

Ba jarumta ya rasa ba, kuma ba ƙarfi ba. Duk abin da aka gwada a 2023, gudu da ƙarfe da laƙani da ƙwaya da faɗan da na riƙa yi masa, ƙari ne a kan abin da yake da shi har ya yi yawa. Ciwon yana wani wuri. Shekara bakwai jikinsa yana koyon cewa taɓa ƙasa mutuwa ce kuma sallamawa abin kunya ne har ga dangi, kuma wannan gaskiya ne a filin da ya koye shi. A keji kuwa faɗuwa tsakiyar wasa ce, sallamawa a wajen horo kuma ita ce hanya ɗaya ta koyon ƙasa, domin ba ka sanin ta inda ake shaƙe mutum sai an shaƙe ka sau ɗaruruwa ka tashi lafiya. Wa'azi bai cire masa wannan ba. Maimaitawa ce ta cire, a zauren da babu mai kallo.

Amma ban yarda horon ƙasa kaɗai zai yi ba in da babu teburin baffa. Wanda abincin gidansu ke jiran wasa ba ya iya cewa a'a ga dillali, ba ya iya barin ƙashi ya warke, ba ya iya zaman wata tara yana koyo. Usman da Adesanya suna yara aka fita da su waje, Ngannou a Faransa ya koyi wasan, duk sun samu wuraren horo da abokan gwaji da Kano ba ta da su tukuna. Abin da ya tsaya wa wannan matashi a madadin haka shi ne sana'ar gidansu. Laifina a ciki shi ne na ga jikinsa ya saki tun mako na biyu, na ɗauka taurin kai ne, na bi shi Legas maimakon in ƙi zuwa.

Yanzu 'yan dambe uku ne suka biyo shi zauren. Shi yake karɓarsu ranar Talata da ƙarfe biyu. Yana kwantawa a katifa da kansa, ya ce wa sabon zuwa ya hau kansa ya shaƙe shi, sannan ya bubbuga a gabansu kafin ya ce su ma su kwanta.